Tsohon gida: a sake wayarin gaba ɗaya ne ko gyara ya isa?

Shekarun gida kaɗai ba su isa a yanke hukunci a kansu ba. Akwai gidan da aka yi wa wayarin a shekarun 1970 wanda wayarsa ta fi ta gidan da aka gina bara lafiya, saboda jan ƙarfe ce zalla kuma a cikin bututu aka zura ta. Abin da ke kashe wayarin shi ne zafi, laima, ɓera, faci a kan faci, da kuma kayan da aka ɗora masa waɗanda ba don su aka yi shi ba. Lokacin da aka ja wayar, ƙwan fitila ne da fanka da rediyo da dutsen guga. Yau an ƙara firiza, esi, hita, samo na rijiyar burtsatse, ga janareta ga inbata, duk a kan wayar nan dai.

Fara da abin da hanci da hannu za su gaya maka. Ƙauri irin na roba ko ƙarni kamar na kifi a kusa da soket alama ce ta haɗi ya saki yana ƙuna. Soket da ya yi baƙi a bakin rami, makunni mai ɗumi ko mai ƙara zizizi, fitila da ke dushewa duk sanda firji ya tashi, duk abin lura ne. Sai dai a bambance: in maƙwabta ma wutarsu na dushewa a lokaci guda, daga taransifoma ne, ba daga gidanka ba. Wanda ba a jira da shi ko kwana ɗaya shi ne famfo ko ƙofar firji ko bangon banɗaki ya riƙa jan mutum. Wannan na nufin wuta na zuba a wani wuri kuma wayar ƙasa, wadda ke kwashe irin wannan wuta ta kai cikin ƙasa, ba ta aiki.

Daga nan sai akwatin rarraba wuta. In har yanzu fis ɗin tangaran ne, ka zare ɗaya ka duba abin da ke ciki. Sau da yawa za ka tarar an naɗa silin waya uku ko huɗu a madadin wayar fis, don ta daina tsinkewa. Fis kuwa ba don ya kare firji aka sa shi ba, wayar da ke cikin bango yake karewa. In ya ƙi tsinkewa, ita za ta ƙone a madadinsa. Haka ma bireka: waya mai 1.5mm ta fitilu ce, birekarta kada ta wuce amfiya 10. Mai 2.5mm ta soket ce, amfiya 20. Hita da kuka da babbar esi suna son layinsu daban, 4mm ko 6mm gwargwadon ƙarfinsu. Hita mai wat 3,000 a kan bolt 230 tana jan amfiya 13 ita kaɗai, to ka ƙiyasta abin da zai faru in an jona ta a layin fitilu. Sau da yawa in ka ga bireka mai amfiya 32 ko 63 a kan siririyar waya, wani ne ya gaji da faɗuwarta ya ƙara mata girma, ciwon kuma yana nan.

Kafin a buɗe komai a kashe babban makunni, a kashe janareta, a kashe inbata. Inbata ce aka fi mantawa, tana ci gaba da ba soket wuta alhali an ɗauke wutar waje. A gwada da testa kafin a sa hannu.

Mai gyara ya kwance soket uku ko huɗu, ya zaɓi waɗanda suka fi shan aiki: na kicin, na esi, na inda ake guga. Ya lanƙwasa wayar a hankali. Lafiyayyar roba tana lanƙwasuwa, wadda ta mutu tana tsagewa ko ta marmashe a yatsa. In rigar wayar baƙar roba ce da zare a sake a kanta, irin ta kafin shekarun 1960 ce, kwananta ya ƙare, babu wani gwaji da ake jira. A duba ko akwai waya ta uku, koriya ko koriya da ruwan ɗorawa, kuma ko a ɗaure take, don akwai soket masu baki uku da yawa waɗanda babu komai a bayan na ukun. Launi kuwa kada ya ruɗe ka. Ingila ta koma ruwan ƙasa da shuɗi tun tsakanin 2004 da 2006, amma a kasuwanninmu har gobe ana sayar da ja da baƙi, don haka ja da baƙi ba shaidar tsufa ba ce.

Cikin silin ne gaskiya take. Can ne za a ga inda ɓera ya ci riga ya bar ƙarfe tsirara, da haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif wanda zafi ya riga ya ɓare, da wayar da ke kwance a kan katako babu bututu. Lissafin ƙarfin waya an yi shi ne a kan zafin digiri 30, robar kuma iyakarta 70. A ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato an wuce 30 nesa, don haka wayar da ke ɗaukar kayanta da ƙyar a wani wuri, a nan dahuwa take yi.

Abin da ido bai gani ba sai na'ura. Ana zare duk kayan wuta, har ƙwayayen fitila da inbata, a auna ƙarfin rigar waya da na'urar da masu aiki ke kira mega, a kan bolt 500, layi bayan layi. Layin da ya gaza megom 1 a ma'aunin mega ya faɗi. Wannan gwajin ya fi faɗin gaskiya da damina, lokacin da bango ya sha ruwa. Sandar ƙasa kuma, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a ɗaura masa wayar ƙasa, da rani ya kamata a auna ta, don busasshiyar ƙasa ce ke nuna rauninta. Wanda ya ce a sake wayarin gida duka bai hau silin ba, bai fito da mega ba, ciniki yake nema. A nemi mai takardar shaidar hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin wuta a Najeriya, ya rubuta sakamakon kowane layi. Mita da abin da ke gabanta na kamfanin rarraba wuta ne, ba a taɓa su.

In robar na marmashewa a wurare da dama, ko babu wayar ƙasa a ko'ina, ko yawancin layukan sun faɗi a gwaji, ko faci ya yi yawan da ba wanda ya san inda kowace waya ta nufa, a sake duka. In layi ɗaya ko biyu ne suka faɗi, su kaɗai za a sake. Gidaje da yawa ma wayarsu ƙalau take, abin da suke buƙata sabon akwati ne mai bireka daidai da waya, da na'urar RCD mai miliyamfiya 30 wadda ke yanke wuta in ta fara bi ta jikin mutum, da sabuwar sandar ƙasa, da layi daban ga esi da hita, da cenji-oba na gaske ga janareta. In an sa RCD ta riƙa faɗuwa, kada a cire ta. Galibi nutural ce, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ke taɓa wayar ƙasa a wani wuri, ko an aro ta daga wani layi, sai a bi a gano.

Kuɗin aikin ya dogara da bututu. In akwai shi kuma bai toshe ba, tsohuwar waya ake ɗaura wa sabuwa a jawo, ba a fasa bango. In an binne wayar a filasta kai tsaye, ko a sare bango ko a bi ta sama da taronkin, wato kwaroron roba da ake kafawa a jikin bango, wanda shi ya fi dacewa da ginin ƙasa. Wajen sayen waya a kankare sili ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙasa, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, a mayar wa mai shago. Kada a rufe silin ko a biya cikon kuɗi sai an sake gwajin mega, an danna maɓallin RCD an ga ta faɗi, an kuma rubuta sunan ɗakin kowace bireka a murfin akwati.