Yadda Za Ka Haɗa Jirgin Dunning da Karan Dawa

Yanzu da aka gama girbi, kara ya bushe a gonakinmu na kewayen Ringim, lokaci ne da malamin firamare zai iya koya wa yara tarihin jirgin sama ba tare da ya kashe ko sisi ba. Yaran da ke ƙera motar kara ba za su kasa ƙera jirgi ba. Ni wanda nake sa ɗalibaina su yi shi ne Sopwith Pup, ƙaramin jirgin yaƙi mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, wanda Edwin Dunning, hafsan sojan ruwan Birtaniya, ya tuƙa a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tanadi karan dawa busasshe, reza, zare, takardar buhun siminti, ƙaro da aka jiƙa tun dare, da tsohon silifas da za a yi tayoyi da shi.

Fara da awo. Faɗin fiffiken jirgin na gaske kusan mita 8 ne, tsawon jikinsa kusan mita 6. Don haka ka yanka fiffike santimita 40, jiki santimita 30. Ɓare bayan karan a hankali, ka ajiye ɓawon, shi ne ƙusarka. Totuwar ciki kuwa ita ce katako. Haɗa firam ɗin kowane fiffike, ka lulluɓe da takarda, ka shafa ƙaro. Na gasken ma itace ne da yadi da waya.

Wajen ɗora fiffike na sama ne hannun yara ke rawa. Kada ka sa shi daidai kan na ƙasa, ka ɗan turo shi gaba. Ginshiƙai biyu a dama, biyu a hagu, sannan ka gicciya zare tsakaninsu ka ja ya yi tauri. Bar yaro ya matsa fiffiken da yatsa kafin a ɗaura zaren, ya sake matsawa bayan an ɗaura. Da kansa zai gane amfanin wayoyin. Farfela a gaba, a soke ta da tsinke ta riƙa juyawa. Injin Pup mai ƙarfin doki 80 ne, kuma shi kansa injin tare da farfelar yake juyawa.

In jirgi ya bushe, fito da benci tsakar fili. Shi ne HMS Furious, jirgin ruwan da Dunning ya sauka a kansa ran 2 ga Agusta 1917 a Scapa Flow, arewacin Sikotlan. Kafin shi ba wanda ya taɓa saukar da jirgin sama a kan jirgin ruwa mai tafiya. Ɗora gwangwani a tsakiyar benci a matsayin bututun hayaƙi, domin a lokacin filin sauka a gaba kawai yake. Yara biyu su ɗauki benci su fuskanci iskar hunturu suna tafiya. Na uku ya biyo ta gefe da jirgi, ya kewaye gwangwani, ya kutso kan filin.

A nan ka tambaye su: me ya sa aka fuskanci iska? Kada ka yi saurin ba da amsa. Gudun jirgin ruwa da ƙarfin iska suna haɗuwa, sai jirgin sama ya zama kamar shirwa ta tsaya cak a sama. Shi ya sa abokan aikin Dunning suka iya rugawa suka kama madaurin da aka liƙa wa jirgin, suka janyo shi ƙasa da hannu.

Ƙarshen labarin ma a faɗa musu, ban yarda a ɓoye ba. Ran 7 ga Agusta, yana sake gwadawa, injin ya shaƙe, jirgin ya faɗa teku ta gefe, Dunning ya nutse yana ɗan shekara 25. Bayan haka aka ƙara wa Furious filin sauka a baya. Sai ka sa yaran su mai da gwangwani gaba kaɗan, su gwada sauka ta baya, su ga ko matsalar ta kau.