Yadda za ka bi salsalar dolfin har ka gano danginsa na gaskiya

Duk mai son sanin dangin dolfin sai ya fara ajiye siffarsa ta waje a gefe, domin ruwa yakan tilasta wa masu gudu a cikinsa jiki iri ɗaya, mai sulɓi da tsini a gaba. Shi ya sa dolfin ya yi kama da kifin shak alhali tsakaninsu akwai nisa ƙwarai. Ka samu bidiyonsa ka lura da wutsiya: ta kifi a tsaye take, tana kaɗawa hagu da dama, ta dolfin kuwa a kwance take, tana bugawa sama da ƙasa, irin yadda gadon bayan dabbar tudu ke lanƙwasawa idan tana sukuwa. Ƙari a kan haka, da huhu yake numfashi ta wata kafa a tsakar kansa, haihuwa yake yi, kuma macen tana shayar da ɗanta nono.

Daga nan sai ka nemi hoton ƙwarangwal ɗinsa. A cikin abin da yake iyo da shi a gefen ƙirji za ka ga ƙashin damtse ɗaya, ƙasusuwan sangalin hannu biyu, sannan jerin ƙasusuwan yatsu, tsari iri ɗaya da na hannunka. Can baya kuma akwai wasu ƙananan ƙasusuwa biyu a nitse cikin tsoka, ba su haɗe da ƙashin baya ba, waɗanda ragowar ƙugu ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina, wadda kuma za ka iya riƙewa a hannu, tana wurin mahauci. Ka sayi ƙafar baya ta akuya ko tunkiya, ka buɗe gaɓar da ke lanƙwasawa baya, za ka tarar da wani ɗan dunƙulallen ƙashi mai santsi wanda yake da kwari a samansa, yake da wani a ƙasansa. Wannan ƙashin idon sawu mai kwari biyu alama ce ta rukunin da ya ƙunshi shanu, awaki, raƙuma, aladu da dorina; doki da kare ba su da irinsa. A shekarar 2001 ayarin masana na Philip Gingerich da na Hans Thewissen, kowanne daban, suka bayyana cewa sun sami irin wannan ƙashi a ƙafafun tsofaffin kakannin dolfin da wel, wato manya-manyan dabbobin teku masu shayarwa, da aka tono a Pakistan. Binciken ƙwayoyin halitta na DNA ya riga ya nuna cewa dolfin ɗan wannan rukuni ne tun shekarun 1990, sai ga ƙasusuwa sun gaskata shi.

Mataki na gaba shi ne ka jera burbushin da aka tono bisa shekarunsu, kana bin abu biyu da ido: ƙafafun baya da kafar hanci. Fara da Pakicetus, mai shekara kimanin miliyan 50, dabba mai ƙafa huɗu da girmanta bai wuce na babban kare ba, hancinta a ƙarshen baki, amma ƙashin kunnenta yana da kaurin nan da ake gane dangin wel da shi. Kusa da ita ka sa Indohyus ta Kashmir, 'yar ƙaramar dabba mai kofato wadda ita ma take da wannan ƙashin kunne. Sai Ambulocetus, da aka bayyana a 1994, mai tsawon kusan mita 3 da faffaɗan tafin ƙafa na iyo. Idan ka iso Basilosaurus da Dorudon na kimanin shekara miliyan 40, waɗanda ƙasusuwansu ke shimfiɗe a Wadi al-Hitan cikin hamadar Masar, hanci ya fara ja baya, ƙafafu kuma sun tsuke. Basilosaurus ya haura mita 15, amma ƙafarsa ta baya ba ta kai mita ɗaya ba. Akwai ma irin waɗannan tsofaffin dabbobi da aka tono a kudu maso gabashin Najeriya, mai suna Pappocetus lugardi, wadda aka raɗa wa sunan Gwamna Lugard. Kada ka ɗauki jerin a matsayin uba da ɗa da jika, domin yawancinsu rassa ne na gefe da ke nuna yadda zuriyar take a kowane zamani.

Wajen karanta zanen bishiyar dangi, mahaɗar rassa ake dubawa, ba sunayen da suka zauna kusa da juna a takarda ba. Ka ɗora yatsa kan dolfin ka gangara. A wajen shekara miliyan 34 zuwa 36 za ka iske inda masu haƙora, wato ɓangaren dolfin, suka rabu da manyan wel masu tace abinci daga ruwa. Ka ci gaba da gangarawa har fiye da shekara miliyan 50, nan ne reshen dorina ya haɗu da nasu. Ma'anar wannan ita ce dorinar da ke kogin Neja da danginta sun fi kowace dabbar tudu da ke raye a yau kusanci da dolfin, sai dai kaka suka haɗa, ba daga gare ta ya fito ba. Ayu kuwa, duk da zamansa cikin ruwan Binuwai da Neja, ɗan'uwan giwa ne, kuma shigarsa ruwa daban take.

A cikin gidan masu haƙora suna yakan ruɗi mutum, saboda haka ka dogara da haƙori da sakamakon DNA. Iyalin dolfin na teku, Delphinidae, suna da nau'i kusan 40 masu haƙora masu tsini, kuma mafi girmansu shi ne orka mai baƙi da fari, wanda mutane da yawa ke ɗauka wel ne. Daga cikinsu akwai Sousa teuszii mai ƙusumbi, na gaɓar tekun Afirka ta Yamma, wanda ke dab da ƙarewa. Mafi kusa da wannan iyali su ne wasu dabbobin teku masu haƙora: fofos masu faffaɗan haƙora, da beluga, da nawal mai dogon haure.

Dolfin na kogi sun fi buƙatar hattara. Na Amazon, na Ganges da Indus, da baiji na kogin Yangtze a China, wanda binciken 2006 bai ga ko guda ba, duk suna da dogon baki da ƙananan idanu, amma ba reshe ɗaya ba ne. Na Ganges ya balle tun da wuri, har ta kai na Amazon ya fi kusa da dolfin na teku a kan kusancinsa da na Ganges.