Yadda ake gane lamba firam idan an rubuta ta a tushe takwas

Lamba firam ita ce wadda ta fi 1, kuma babu abin da yake raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Rubuta ta a tushe takwas, wato oktal, tsarin da yake amfani da adadai 0 zuwa 7 kawai, ba ya canza wannan hali, amma yawancin alamomin da muka saba dubawa a tushe goma sai sun sauya.

Fara da mayar da lambar zuwa oktal. A ɗauki 211. Raba ta da 8, za a samu 26 saura 3. Raba 26 da 8, 3 saura 2. Ukun da ya rage bai kai takwas ba, sai a tsaya. Karanta ragowar daga ƙasa zuwa sama: 323. Masu koyo sukan karanta daga sama, kuma wannan misalin ba zai nuna musu kuskuren ba tunda gaba da bayansa ɗaya ne, don haka a gwada da 19, wadda take zama 23, ba 32 ba.

Sannan dubi adadin ƙarshe. Ban da 2, dole firam ta ƙare da 1, 3, 5 ko 7. A nan ne aka fi yin tuntuɓe: ƙarewa da 5 ba ya nufin biyar na raba lambar. 15 a oktal sha uku ce, 35 kuma ashirin da tara, dukansu firam ne.

Tara adadai shi ne gwaji mafi amfani, sai dai 7 yake kamawa, ba 3 ko 9 ba, domin takwas ta zarce bakwai da ɗaya. A 323 jimla 8 ce, bakwai ba ta raba ta. Amma 313 jimlarta 7, kuma lallai 203 ce a tushe goma, wato 7 sau 29. Wanda ya manta tushen zai ce firam ce, domin 313 a tushe goma firam ce.

Don gwada 3, a bi adadan ana tarawa ana cirewa bi da bi: 3 a cire 2 a ƙara 3, ya ba da 4, uku ba ta raba shi. Na 5 da 13 kuwa tare ake yin su, saboda 64 ta gaza 65 da ɗaya, 65 kuwa 5 sau 13 ce. A kasa adadan bibbiyu daga dama: 3 da 23. Wannan 23 sha tara ce, a cire uku, saura 16, babu mai raba ta cikin biyun. Da yake sha biyar sau sha biyar ya wuce 211, firam ɗin da ba su kai sha biyar ba kawai ake buƙatar gwadawa, kuma 11 kaɗai ta rage, ita kuma sai da rabawa kai tsaye: saura 2. An tabbatar 211 firam ce.

Adadin ƙarshe yana ƙara faɗin wani abu. Idan firam ta ƙare da 1 ko 5, za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu (murabba'i shi ne lamba sau kanta), kamar yadda masanin lissafi Fermat ya faɗa, Euler kuma ya tabbatar: 13, wato 15 a oktal, ita ce 4 da 9. Firam ɗin Mersenne kuwa, wato waɗanda ake samu idan an ninka 2 da kanta sau da dama aka cire 1, ido ma yana gane siffarsu. Ban da 3 da 7, bakwai ne jere bayan 1 ko 3: 31 ta zama 37, 127 ta zama 177, 8191 ta zama 17777. Siffar kaɗai ba hujja ba ce, domin 3777 ita ce 2047, wato 23 sau 89.

Mai rubuta manhaja ya kula: a harshen C, sifili a gaban lamba yana mai da ita oktal, don haka 013 sha ɗaya ce. A Python ana rubuta 0o13.