Yadda ake haɗa anga a ƙaramin jirgin kamun kifi

Jirgin da ake magana a kansa shi ne na katako ko na faiba mai tsawon mita 6 zuwa 8, mai inji a baya, irin wanda masunta ke aiki da shi a Tafkin Kainji da Kogin Neja wajen Yawuri. Galibin irin waɗannan jirage dutse ko bulon siminti ake ɗaura wa igiya a jefa, kuma yana riƙewa muddin ruwa na kwance. Ranar da iska ta taso sai a ga jirgi yana tafiya da dutsensa. Dalili shi ne ruwa yana rage wa abu nauyi: siminti mai kilo 20 ba ya wuce kilo 12 a cikin ruwa, ƙarfe mai kilo 20 kuwa yana nan da kusan kilo 17 da rabi. Ban da haka dutse zama kawai yake yi a ƙasa, anga kuwa, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, cizon ƙasar take yi, kuma ba ta cizo sai an ja ta a kwance. Sarƙa da tsawon igiya duk don wannan jan na kwance ake sa su.

Ƙasan ruwan da kake aiki shi zai zaɓa maka anga. A yashi da laka, mai faffadan baki biyu irin ta Danforth ta fi, kilo 4 zuwa 6 ya ishe jirgi mai wannan girma. Bakunanta na nutsewa kamar garma, amma a kan dutse ko ciyawa mai kauri zamewa take yi. Inda akwai duwatsu ko kututturan itatuwa, kamar wurare da yawa a Kainji da ruwa ya shanye daji bayan kammala madatsar a 1968, ko Tafkin Volta na Ghana, mai ƙugiya huɗu ake so. Kowane mai walda zai haɗa ta: bututun ƙarfe mai faɗin inci ɗaya da rabi, tsawon santimita 50, a cika shi da siminti, a walda masa rodi huɗu a gindi a lanƙwasa su sama, a sa zobe a kai da wani zoben a gindi. Rodin ya zama mai milimita 8 ko 10. Kada mai walda ya ce zai ƙara maka inganci da mai 12, domin ana so ƙugiyar ta miƙe idan ta maƙale aka ja ta da inji. Daga baya ka zura mata guntun bututu ka sake lanƙwasa ta.

Bayan anga sai sarƙa mai milimita 6, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, tsawon mita 3 zuwa 5. Nauyinta kusan gram 800 ne a kowace mita. Tana kwantar da wuyan anga a ƙasa, kuma ita ke gogar dutse a madadin igiya. Mutane sun fi tsallake ta saboda kuɗi, alhali anga mai kilo 5 da sarƙa ta fi mai kilo 10 da babu sarƙa riƙo.

Igiya ta zama nailan mai tufka uku, kaurin milimita 10 ko 12, tsawon mita 50. Nailan tana nutsewa kuma tana miƙewa, don haka ita ke shanye fizgar igiyar ruwa kafin ta kai ga anga. Igiyar roba mai launin shuɗi da ta cika kasuwa tana yawo a saman ruwa inda farfelar inji za ta iya naɗe ta, kuma rana na cinye ta har ta riƙa zubar da gari a hannu. Idan ita kaɗai ka samu, ɗauki mai milimita 14, ka ƙara tsawon sarƙa, ka riƙa ɓoye ta daga rana.

Wajen haɗi, kayan da ake buƙata su ne maƙalai biyu na ƙarfe masu ƙusa mai zare, ɗaya tsakanin anga da sarƙa, ɗaya tsakanin sarƙa da igiya. Kowace ƙusa a ɗaure ta da filaya, sannan a zura waya ta hudar kanta a naɗe a jikin maƙalin, in ba haka ba motsin ruwa zai kwance ta a hankali, wata rana ka jawo igiya ba anga. Bakin igiya kuma an fi so a saƙa masa ido a kan zoben ƙarfe mai kwari, a cusa kowace tufka sau biyar saboda santsin nailan. Saƙa ba ta rage ƙarfin igiya sosai, ƙulli kuwa yana iya cin kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Wanda bai iya saƙa ba ya zagaya zoben sau biyu, ya zura bakin igiyar ta ƙarƙashin zagayen biyun, ya ƙara ƙulli ɗaya a jikin doguwar igiyar, ya ɗaure ragowar bakin da zaren koma.

A wurin kututture akwai dabarar da ke ceton anga. Maƙala sarƙar a zoben gindi, ka kwantar da ita a jikin bututun, ka ɗaure ta a zoben kai da siririn zare zagaye biyu ko uku. Muddin jan yana zuwa a kwance, anga na aiki yadda ta saba. Idan ta maƙale, ka matso da jirgi ya wuce kanta kaɗan ka ja, zaren ya tsinke, sarƙar ta zaro ta ta gindi. Wannan na tsayuwar rana ne, kana farke. Idan kwana za ka yi, iska na iya juyawa cikin dare ta tsinka zaren, saboda haka maƙala sarƙar a zoben kai, ka ɗaura wata siririyar igiya a zoben gindi wadda ta ɗan fi zurfin ruwan tsawo, da jarka a bakinta tana yawo a sama.

A jikin jirgi, maɗaurin yana goshi. A huda katakon goshi mai kauri a sa ƙusa mai zobe da noti da faffadan faifan ƙarfe mai huda a ƙarƙashin notin ta ciki, ko a kafa gungumen da aka ɗaure da ƙusoshi masu noti. Allon zama da aka buga da ƙusa ba maɗauri ba ne, fizga ɗaya ke ɓalle shi. Inda igiya ke gogar bakin jirgi a zura mata guntun tiyo. Ƙarshenta na ciki a ɗaure shi tun kafin a bar gaɓa, sauran a zuba a bokiti ko kwando yadda ta zo, ba sai an naɗe ba, anga a sama. Wuƙa ta kasance inda hannu zai kai.

Kada a ɗaura anga a bayan jirgi, ko na minti biyar ne. Bayan ya riga ya nutse da nauyin inji da direba, igiya ta ƙara danne shi, ruwa kuma ya bugi faffadan allon ya shigo. A kogi mai gudu jirgi na iya cika cikin daƙiƙu kaɗan. Ɗaurawa a gefe ma tana kifar da jirgi.

Tsawon igiyar da za a saki shi ne inda aka fi kuskure. Auna daga goshin jirgi zuwa ƙasan ruwa, ka ninka sau 5 idan ruwa na kwance, sau 7 idan akwai iska ko za ka kwana, har sau 10 idan hadari ya haɗo. A ruwa mai zurfin mita 4, goshi yana sama da rabin mita, kana buƙatar mita 22 da rabi, ko 31 da rabi a iska. Ke nan igiyar mita 50 ba za ta isa ba a cikin iska idan zurfi ya wuce kusan mita 6 da rabi. Ɗaura ƙyalle a kowace mita 5 don ka san abin da ka saki. Mai awo da gaba ya lissafa gaba guda a matsayin kusan mita 1.8. Ruwan Kainji yana hawa da sauka da mitoci masu yawa a shekara, don haka sake auna zurfi ko a wurin da ka saba.

Idan za ka tsaya, fuskanci iska ko gudun ruwa, duk wanda ya fi ƙarfi, ka rage wuta har jirgi ya tsaya. Sauke anga da hannu, kada ka wurga, domin wurgi ke sa sarƙa ta naɗe ƙugiya. Ƙafarka ta kasance a wajen igiya. Bar jirgi ya ja baya kana saki a hankali. Idan ka saki kamar ninki uku, riƙe ta ɗan lokaci anga ta ciji ƙasa, sannan ka saki sauran ka ɗaure, ka ba inji baya kaɗan na rabin minti. Ɗora hannu a kan igiyar: in ta yi tauri shiru, ta kama, in tana karkarwa, anga jan ƙasa take yi. Duba kuma abu biyu a gaɓa da suka yi layi ta gefenka, misali bishiya da rufin gida. Suna rabuwa, kana tafiya. Ƙara igiya tukuna, in bai yi ba ka ɗaga ka sake, domin sau da yawa ciyawa ko dunƙulen laka ne ya cika bakin.

Jirgi zai zagaya anga da tsawon igiyarsa idan iska ta juya, kuma hadarin farkon damina daga gabas yake zuwa da sauri, saboda haka bar fili ta yamma tsakaninka da duwatsu ko komar wani. A kogi, kainuwa na taruwa a jikin igiya ta ninka nauyin da ke kanta, a riƙa ture ta da gora. Da dare a rataya farar fitila da za a gani ta kowane ɓangare.

Wajen ɗagawa, mutum ɗaya ya tuƙa a hankali zuwa kan anga, ɗaya yana tattara igiya a goshi. Idan ta miƙe tsaye ta ƙi fita, naɗe ta a maɗauri, ba a hannu ba, ka bar motsin jirgi ya girgiza ta, ko ka zagaya ta ɗaya ɓangaren da ƙaramar wuta. Idan goshi ya fara nutsewa, sassauta nan take, ka ɗaura wa igiyar jarka ka sake ta, ka dawo ɗauka bayan ruwa ya lafa.