Yadda ake tantance shirin kamfanin intanet kan IPv6

Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin lambobin da ake gane na'urori da su a intanet, gaba ɗayansa kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun ranar 3 ga Fabrairu, 2011 hukumar IANA, mai rabon adireshin intanet na duniya, ta raba ragowar da ke hannunta. Magajinsa IPv6, mai bit 128 maimakon 32, an buɗe shi gadan-gadan ranar 6 ga Yuni, 2012. Yau kusan kowane kamfanin da ke sayar da intanet zai ce maka ya shirya. To, gani ya kori ji, kuma yawancin binciken za ka iya yin sa daga kwamfutarka.

Fara da rajista. Nemi lambar AS ta kamfanin, wato lambar da ake gane shi da ita a tsakanin manyan hanyoyin sadarwa, ka duba ta a ma'ajiyar hukumar da ke raba adireshi a yankinsa: AFRINIC, RIPE NCC, APNIC, ARIN ko LACNIC. Za ka ga ko an ba shi kason adireshin IPv6, wanda galibi /32 ne ko mafi girma (lambar da ke bayan / ita ke nuna girman kaso: ƙaramar lamba, babban kaso). Wannan aikin minti biyar ne, kuma shi ne mafi raunin hujja, domin mallakar gona daban, noma ta daban.

Sai ka duba ko yana shelanta kason ga duniya. Shafin RIPEstat ko bgp.he.net zai nuna maka ko kason yana bayyana a BGP, wato tsarin da kamfanonin intanet ke shelanta wa juna hanyoyinsu, da kuma kamfanoni nawa ne ke ɗaukar masa kaya ta IPv6. In yana da hanyoyin fita uku ta IPv4 amma guda ɗaya tak ta IPv6, rubuta wannan a rahotonka, don ranar da ɗayar ta yanke shi ke nan. Duba kuma ko ya sa wa kason hannu ta RPKI, wato tsarin da ke tabbatar da cewa mai kason ne ya ba da izinin shelanta shi.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Zauna a matsayin kwastoma. Haɗa na'ura da layinsu, ka buga ipconfig a Windows ko ip -6 addr a Linux. Adireshin da ya fara da fe80 kada ya ruɗe ka, na cikin gida ne, kowace na'ura tana ƙirƙirar wa kanta. Wanda kake nema zai fara da 2 ko 3. In ka same shi, gwada ping -6 zuwa 2001:4860:4860::8888, wanda na Google ne, sannan ka bi sawun hanyar da tracert -6 ko traceroute6, ka kwatanta jinkirin da na IPv4. In ka tarar tazarar tana da yawa, to akwai yiwuwar ana zagaye da kayanka ta wata hanya mai nisa.

Akwai tarko a nan da ke kama mutane da dama. Manhajojin shiga intanet na zamani suna da dabarar da ake kira Happy Eyeballs: sukan gwada hanyoyin biyu kusan tare, in IPv6 ta yi nawa sai su sulale zuwa IPv4 ba tare da ka sani ba. Shafi ya buɗe, ka ɗauka lafiya lau, alhali hanyar a karye take. Saboda haka kashe IPv4 gaba ɗaya a na'urar gwajin, ka sake buɗe shafukan da ke da rikodin AAAA, wato bayanin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa na IPv6. Sauke babban fayil ma. Idan ƙananan shafuka suna buɗewa amma babban fayil yana maƙalewa, galibi wani ya toshe saƙonnin ICMPv6 ne a hanya, wato saƙonnin da na'urori ke sanar da juna halin da hanya take ciki, kuma IPv6 da su take gane girman ƙunshin bayanai da hanya za ta iya ɗauka.

Daga nan tambayi girman abin da ake ba kwastoma. /64 guda ɗaya ya ishi waya, amma gida ko ofis da ke son raba sassa na buƙatar /56 ko /48. Ni a ganina kamfanin da ke ba ofis /64 kawai bai gama fahimtar tsarin ba, har yanzu rowar zamanin ƙarancin adireshi ce ke damunsa. Kashe rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, ka kunna sau biyu ko uku, ka ga ko kason yana canzawa.

Saura na kamfanin kansa: sabar DNS ɗinsa (mai fassara sunan shafi zuwa adireshi), shafinsa, da sabar imel, duk ka duba ko ana isa gare su ta IPv6. Ka kuma kira sashen kula da kwastomomi ka kai ƙorafin IPv6 da gangan. In amsar ita ce "kashe shi kawai", saka ta a rahoto yadda aka faɗe ta.

Maimaita gwajin a kowane irin layi da suke sayarwa, na fiba da na wayar hannu, don sau da yawa ɗaya ya shirya ɗaya bai shirya ba. Kowane sakamako ka rubuta masa rana da lokaci, sannan ka kwatanta da ma'aunin APNIC Labs, wanda ke nuna kason masu amfani da IPv6 a ƙarƙashin kowace lambar AS.