Idan kuɗin katin sata suka bi ta akawun ɗinka ba ka sani ba, ga yadda za ka kare kanka

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, duk wanda yake binciken damfarar kati ba fuskar ɓarawo yake bi ba, sawun kuɗi yake bi. Mai kati ya ga an kwashe masa kuɗi, ya garzaya banki ya kai ƙara, bankin ya duba inda kuɗin suka fara sauka, toh sunan da aka gani a kan wannan akawun ɗin shi ne wanda ake zargi, shikenan. Kuma tun da aka kawo BVN a 2014 duk akawun ɗin da kake da shi a kowane banki a ɗaure suke da lamba ɗaya, da hotonka da yatsunka da lambar wayarka. Shi ɓarawo ya san da haka, shi ya sa ba zai taɓa sauke kuɗin sata a nasa ba, naka yake nema.

Hanyar da aka fi faɗawa ciki ita ce ta kunya. Wani ya same ka a majalisa ko a shago ya ce don Allah aramin akawun ɗinka za a turo min kuɗi, nawa yana da matsala, ko ya cika ba ya karɓa. Kai kuma ka ga ɗan unguwa ne, ka ba shi, alat ya shigo, ka ciro ka miƙa masa hannu da hannu, ƙila ma ya ba ka na katin waya ka ce ka gode. Wata biyu a gaba idan magana ta tashi takarda ta nuna kuɗi sun shiga wajenka, ta nuna kai ka cire, amma babu inda ta nuna ka ba wani. Wannan na katin da ka karɓa kuma shi za a kira kasonka. Don haka maganar ara akawun kawai a daina, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, idan har ya zama dole toh ka tura masa kuɗin ta tiransifa zuwa akawun mai sunansa, kada ka ba shi tsaba, ka kuma sa ya rubuto maka a WhatsApp wa zai turo, nawa ne, na mene ne.

Masu POS ku ne a bakin wuta. Mutum ya zo da kati ya san fin, wato lambar sirrin katin, ka cire masa, ashe katin wani dattijo ne aka musanya masa a layin ATM. Ko ya ce zai yi tiransifa ka ba shi kuɗi a hannu, alat ya shigo da sunan Ngozi alhali wanda ke gabanka ƙato ne mai gemu. Ka ajiye littafi, irin na ɗalibai ma ya isa, duk cirar da ta yi nauyi ka rubuta rana da lokaci da adadi da sunan da ke kan katin da lambar wayar mutumin, ka buga lambar a gabansa ka ji ta yi ƙara. Idan sunan da ya fito a alat ya saɓa da wanda ke tsaye ka nemi katin shaida ka ɗauki hotonsa da izininsa, ya ƙi toh ka ƙi. Wanda ya zo da kati uku huɗu yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ko yana karanto fin daga waya, wallahi wannan cajin naira ɗari biyun ba ta kai ba, ka ce babu netwok. In kana da hali ka sa 'yar kyamara a shagon, kuma na'urar ta zama da sunanka da rajistarka, tunda dai an wajabta wa masu POS rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tun 2024, kada ka yi aiki da na'urar da aka buɗe da sunan wani ko ka ba wani taka ya tafi da ita wani gari.

Mu a nan galibi katin cire kuɗi muke riƙewa, shi katin bashi irin na Amurka da Ingila ta wata ƙofa yake shigo mana, kuma shi ne mai zuwa da baya. Mai katin a can yana da damar ya ƙi amincewa da cinikin har wajen kwana 120 a mafi yawan lokuta a ƙa'idar Visa da Mastercard, kaga kenan kai ka manta da ciniki, ka ci riba ka juya kuɗin, sai a zo a ce an janye. Masu sayar da kaya ta intanet da masu P2P na kirifto, wato masu cinikin kuɗin intanet kai tsaye mutum da mutum, su suka fi sanin wannan, ka sayar da USDT ɗinka, wani nau'in kirifto, lafiya lau ashe wanda ya biya ka da kuɗin wani ya biya. Dokar da za ka kafa wa kanka ɗaya ce, sunan mai biya dole ya zama sunan mai saye, idan kuɗi suka zo da suna na uku kada ka saki kaya. Haka tikitin jirgi mai arahar da ta wuce hankali, wani ejan a Facebook ya ce zai yanko maka na Dubai ko Alƙahira ko Jidda a rabin kuɗi, sau da yawa da katin sata ake yankarsa kuma sunanka ne a kan tikitin, hukumomin 'yan sandan Turai da na ƙasa da ƙasa, Europol da Interpol, sun sha yin samame a filayen jirgin sama suna tsare fasinjojin da ke riƙe da irin wannan tikiti. Araha ba ta ado. Ka yanka wajen ejan mai ofis, ka biya ta banki zuwa akawun ɗin kamfani, ka karɓi rasit.

Akwai kuma wanda za ka ga alat haka kawai ba ka san daga ina ba, minti kaɗan a kira ka ana kuka ana roƙo wai kuskure aka yi, don Allah ka mayar, ga lambar akawun. Kada ka taɓa kuɗin, kada ka mayar da kanka, musamman idan lambar da aka ba ka ba ita ce wadda kuɗin suka fito ba, domin da ka tura ka zama kai ne ka wanke musu kuɗin. Ka rubuta wa bankinka takarda ko imel cewa kuɗi kaza sun shigo ranar kaza ba ka san su ba, su mayar ta hanyarsu, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Wannan takardar mai kwanan wata ta fi shaidu goma, don ta nuna kai ka fara magana kafin a neme ka.

Toh yanzu a ce abin ya riga ya faru. Alamar farko yawanci ita ce ka je cire kuɗi ya ƙi, kuɗi na shiga amma ba sa fita, ka je banki a ce an sa maka PND, wato umarnin hana fitar da kuɗi daga akawun. Kada ka tsaya faɗa da yarinyar da ke zaune a kantar bankin, ba ita ta sa ba. Ka nemi manaja ko sashen korafi, ka rubuta a takarda kana tambayar wa ya ba da umarni, a kan wane ciniki, kuma idan odar kotu ce wace kotu ce, mene ne lambar shari'ar, a ba ka kwafi. Wannan tambayar tana da nauyi saboda dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ba hukuma damar dakatar da akawun na awa 72 ne kawai ba tare da kotu ba, bayan nan sai da oda, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2019 cewa banki ba zai rufe akawun ɗin kwastoma da wasiƙar EFCC kaɗai ba sai ya ga odar kotu. A ranar ka nemi sitatimen ɗinka na aƙalla wata shida. Idan bankin ya yi shiru sati biyu kana iya kai korafi sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN, amma fa idan da gaske akwai odar kotu CBN ba zai cire maka ba, lauya ne zai koma kotun ya nemi a janye ta.

Abin da tsoro ke sa mutane yi a daren nan shi ne ke kashe su. Su goge hira, su yi wa waya fomat, su karya layi, wani ma ya bar gari. Duk wannan a idon mai bincike aikin mai laifi ne, kuma hirar da ka goge ita ce za ta fitar da kai. Ka bar komai yadda yake, ka ɗauki sikirinshot na hirarku daga farko har ƙarshe da lambar mutumin a fili, saƙon murya ka adana, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka ko wayar wani amintacce don ana iya karɓe taka. Kada kuma ka kira wanda ya jefa ka ka ce ana nemansa, zai gudu ya bar ka, sannan a ce kai ka tsegunta masa.

Idan takardar gayyata ta zo daga 'yan sanda ko EFCC ka je, amma kada ka je kai kaɗai. Ka fara tabbatar da cewa ta gaske ce, don akwai 'yan damfara da ke kira da sunan hukuma suna cewa a turo kuɗi a kashe magana. Ka tafi da lauya, da safe, kuma a ra'ayina ka guji ranar Juma'a in dai da zaɓi, don idan aka riƙe ka kotu ba ta zama sai Litinin. Ba ka da kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, suna da ofis a jihohi. Ka tafi da wanda zai iya tsaya maka beli da katin shaidarsa, mace ma tana iya tsayawa, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ta faɗi haka ƙarara duk da wasu har yanzu suna ja.

Wajen rubuta bayani nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar ka yi shiru har sai ka ga lauyanka, kuma dole a sanar da kai dalilin kamunka a rubuce cikin awa 24 da yaren da kake ji. Idan turancinka bai nuna ba ka ce a kawo tafinta, a rubuta, a karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu, kada kunya ta sa ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba ko a farar takarda. Ka faɗi abin da ka sani kawai, wa ya zo, yaushe, me ya ce, me ka yi da kuɗin, wanda ba ka tuna ba ka ce sai ka duba sitatimen, kada ka ƙirƙira don ka cike gibi saboda ƙarya ɗaya idan aka kama ta sauran gaskiyarka duk ta zube. Abin da shari'ar ke juyawa a kansa shi ne sani da niyya. A Penal Code, dokar laifuka ta Arewa, laifin karɓar kayan sata yana hawa kan wanda ya sani ko yake da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne, wannan kashi na biyun shi ne tarkon, don haka kalma irin “na ɗan yi zargi amma na share” ba ƙaramar magana ba ce a takarda.

Tsarewa kuma tana da iyaka, kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu kwana biyu, sai dai su je gaban majistare su samo odar ci gaba da tsarewa wadda a karon farko ba ta wuce kwana 14. Beli kyauta ne a doka, kowa ya san yadda ake yi a zahiri, amma lauya a gefenka yana rage wannan sosai. Ba a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, sashe na 7 na ACJA ya hana, duka ko azabtarwa don a amsa laifi ma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta. In an tsare ka ba bisa ƙa'ida ba kana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu ka nemi diyya.

Sau da yawa za a ce maka kawai ka biya kuɗin mai kati a rufe magana. Wani lokacin hakan ne mafita mafi sauƙi, musamman ga mai POS da kuɗin ba su da yawa, amma kada ka miƙa tsaba a caji ofis. A rubuta yarjejeniya ta hannun lauya cewa ka biya ne ba don ka amsa laifi ba, kuɗin su bi ta banki zuwa ga mai su, mai ƙara ya rubuta takardar janyewa. Bayan nan ka bi sawu da ƙafarka, hukumar da ta sa a rufe akawun ita za ta rubuta wa banki a buɗe, ba ya buɗuwa da kansa, sannan ka tambayi bankin a rubuce ko an sa BVN ɗinka cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, domin idan yana ciki duk bankin da ka je za su gani, kuma bankin da ya sa sunan shi ne zai nemi a cire.