Yadda ake gane haɗewar da ba ta cika ba a karon cibiyoyin atam

Idan aka cilla cibiyar atam mai nauyi, kamar oksijin-16, ta daki wata da ƙarfin MeV 4 zuwa 7 (MeV ma'aunin ƙarfi ne, wato bolt na lantarki miliyan ɗaya a kan ilektiron guda) ga kowane nukiliyon, wato furoton ko nutiron da ke cikin cibiyar, ba kullum take shigewa ɗungurungum ba. Wani lokaci takan tsage: kabon-12 ya shige cikin abin da aka hara, guntun alfa (cibiyar hiliyam-4) kuma ya wuce gaba da kusan gudun da ya zo da shi; wannan ce haɗewar da ba ta cika ba. Masana kimiyya Britt da Quinton ne suka fara ganin irin waɗannan alfa masu wucewa gaba a 1961. Ga yadda ake kama abin a ɗakin gwaji.

Fara da zaɓen harsashi, wato cibiyar da za a cilla, mai sauƙin tsagewa. Kabon-12 da oksijin-16 sun dace, domin MeV 7 da 'yan kai sun isa su ɓalle alfa daga jikinsu. Sai ka shirya siraran fallaye na ƙarfen da za a hara, misali tarbiyam-159, ka sa fallen alminiyam a bayan kowanne. Alminiyam ɗin yana kama abin da ya fito, yana kuma rage wa harsashin gudu, saboda haka harbi ɗaya zai ba ka sakamako a matakan ƙarfi da yawa.

Bayan harbi a injin cilla ƙwayoyi, irin Pelletron na IUAC, ma'aikatar bincike da ke New Delhi, gaggauta kai fallayen gaban na'urar jamaniyam mai auna hasken gamma, wadda aka riga aka daidaita da yuropiyam-152. Kowace irin cibiya tana ba da gamma mai ƙarfi nata na musamman, wato layinta, amma kada ka yarda da layin gamma shi kaɗai. Bi shi ka ga tsawon lokacin da yawan haskensa ke raguwa da rabi, domin cibiyoyi biyu na iya ba da layuka masu kusanci. Ka kuma cire kason da ya samu daga ruɓewar wata cibiyar da ta gabace ta.

Daga nan kwatanta abin da ka auna da lissafin manhajar PACE4, wadda cikakkiyar haɗewa kaɗai ta sani. Inda cibiyar da ta samu bayan haɗewa ta fitar da nutiron ko furoton, ya kamata awo da lissafi su yi daidai. Inda aka fitar da alfa, idan awonka ya zarce lissafin, rarar ita ce alamar farko ta haɗewar da ba ta cika ba.

A ganina nan ne ake yawan yin gaggawa. Rarar na iya sauyawa da zarar an taɓa ma'aunan lissafin, don haka ba ta isa hujja ba. Hujja mai ƙarfi tana cikin nisan da cibiyoyin suka nutsa. Jera fallayen alminiyam sirara ƙwarai a bayan falle guda na tarbiyam, ka auna kowanne daban. Idan oksijin ya shige duka, an samu tantalam-175, wanda ya kwashe duk tunkuɗar harsashin, ya yi nisa. Idan kabon-12 ne kawai ya shiga, lutetiyam-171 ya samu kashi uku cikin huɗu na tunkuɗar, ya tsaya kusa. Idan alfa ce kaɗai, holmiyam-163 ya samu kashi ɗaya cikin huɗu, da wuya ya wuce fallayen farko. Zana yawan abin da ka samu a kowane zurfi: tudu biyu ko uku za su fito, girman kowanne kuma shi ne zai nuna maka kason kowace hanya.